Matar da Suka Kashe a Fim

Zaren da ke kan keken ɗinkin Goggo ja ne, yadin da take ɗinkawa kuwa fari. Ina tsakiyar karatu na hango. Tun kafin a haife ni take ɗinki, ba ni ce zan nuna mata zare ba.

"Ci gaba mana, 'Yar Jami'a," Baba Zakara ya ce daga kan gado. "Ko cajin ya ƙare?"

"Da saura, Baba."

Na gyara riƙon wayar na ci gaba. Sharhi ne wani ya rubuta a jarida a kan fim ɗin da aka yi da labarinsa.

Baba Zakara maƙwabcinmu ne, ƙofarsu na kallon tamu a hawa na biyu. Sama da shekara talatin da suka wuce, yana aikin jera haruffa a wata maɗaba'a, ya shiga gasar kacici-kacici ta talabijin, ya yi ta kayar da mutane mako bayan mako har ya cinye. Daga nan sunan ya bi shi. A bana wasu suka mayar da labarin fim. Kafin fim ɗin ya fito ciwon suga ya riga ya ci idonsa, ƙodarsa kuma ta fara gajiya, saboda haka da kunne kawai ya kalle shi. Ni kuwa na gama jami'a ina zaman jiran aiki. Mamata ta ce, "Je ki riƙa karanta masa abin da ake rubutawa, ya fi zaman nan da kike kina kallon silin." Haka na fara shiga ɗakinsu kullum da yamma.

"Tsakiyar fim ɗin ta yi nauyi," na karanta. "Tambayoyin sun yi yawa, kuma wanda ya fito a mai gabatarwa ya cika ihu."

"Wannan ya san aikinsa," in ji Baba. "Na ainihin ba ya ihu. Ciwon haƙori yake fama da shi, da ƙyar yake buɗe baki. Mutane suna zaton natsuwa ce."

"Sai dai farkon fim ɗin, inda matar jarumin take mutuwa a gadon asibiti, zai daɗe a zuciyar duk wanda ya gani. Marigayiyar ba ta yi wata doguwar magana ba, amma shirunta ne ya ɗauki fim ɗin gaba ɗaya."

Keken ya tsaya.

Ɗakin ƙarami ne: gado, keke a bakin taga, firiji da aka ɗaure ƙofarsa da roba, sai kujerar da nake kai. In keken ya yi shiru, babu abin da ake ji sai firijin.

"Sake karanta wurin," Goggo ta ce.

"Goggo..."

"Wurin shirun. Ina so in ji yadda na yi shiru."

Na sake karantawa, muryata can ƙasa. Ta saurara tana gyaɗa kai kamar wadda ake gaya wa awon riga.

Goggo ita ce matar. Ba ta taɓa kwanciya a asibiti ba in ba haihuwa ba. Ita ce lokacin gasar take zaune a kan wannan keken tana jefa masa tambayoyi daga tsofaffin mujallun da yake kwasowa daga wurin aiki, in ya yi kuskure ta buga almakashi a tebur a madadin ƙararrawa. Ranar ƙarshe tana cikin 'yan kallo da cikin ɗansu na biyu. A fim kuwa kujera ce babu kowa a kanta, kamara na ta komawa gare ta. Masu sharhi sun so kujerar nan ƙwarai. Wani ya ce ta fi jarumin iya wasa.

"Malam," ta ce, ba ta juyo ba.

"Na'am, Tela."

"Ka sani?"

"Me fa?"

"Kafin su yi. An karanta maka labarin fim ɗin. Ka san za su kashe ni?"

Baba ya ɗaga yatsa sama, ya yi muryar mai gabatarwa. "Tambaya ce mai kyau daga baiwar Allah da ke bakin taga. Za mu dawo bayan talla."

"Ba wasa nake ba."

"Tirr! Lokaci ya ƙare."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Ta tashi ta tallafo kansa ta ba shi ruwa, ta goge masa haɓa da gefen zaninta. Da ta koma kan keke sai ta ga zaren. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗauki reza ta fara farke ɗinkin.

Ba ranar ta fara tambayarsa ba. Tun da fim ɗin ya fito take yi, sau ɗaya a rana, kamar magani. Ba ta ɗaga murya. Babban ɗansu, wanda kowa ke kira Injiniya, shi ya kawo mutanen fim ɗin gidan, kuma ta tambaye shi. Ya ce, "Inna, fim ne fa, kowa ya san ana ƙara gishiri." Ta ce masa ba gishiri aka ƙara ba, ita aka cire. Bai sake tayar da maganar ba. Fim ɗin kansa ta ƙi kallo. Abu ɗaya take so: ta ji daga bakin mijinta ko da saninsa aka yi. Likita kuma ya riga ya gaya wa Injiniya a bakin matakala, da murya mai ƙarfi har muna ji daga ɗakinmu, cewa a bar Baba ya ci abin da yake so.

Sharhi bai daina fitowa ba. Akwai wanda ya ba fim ɗin taurari huɗu, akwai wanda ya ce ɓata lokaci ne. Wata mata ta rubuta cewa an mayar da talauci kayan ado. Wani ya ce waƙoƙin sun yi yawa. Baba yana musu da su ɗaya bayan ɗaya daga kan filo.

"Wai a fim ɗin turin amalanke nake yi? Ni? Tela, na taɓa tura amalanke?"

"Ko bokiti ba ka taɓa turawa ba."

"Kin ji shaida. Rubuta musu, 'Yar Jami'a."

Amma har waɗanda suka tsani fim ɗin, in suka zo kan mutuwar matar sai su sauke murya. Na fara tsallake wurin. Goggo ta gane tun ranar farko, domin sharhin ya yi gajarta.

"Ba a yi maganar marigayiya ba yau?"

"An yi."

"To karanta. Mutum ya ji ta'aziyyarsa da kunnensa, ai ba kowa ke samu ba."

Har a titi abin ya bi ta. Mai kantin da ke ƙasan bene, wanda ya san ta shekara da shekaru, ya riƙa ce mata, "Fatalwa, me za a ba ki?" Tana ba shi amsa, "Sabulu. Can ma ana wanki." Su yi dariya. In ta hawo matakala sai fuskar ta koma yadda take.

Wata ranar ta tafi kemis sayen allura. Ƙafafun Baba sun kumbura a lokacin, har ba a iya sa masa safa. Na buɗe wani sabon sharhi, dogo, na wani da ake ji da shi. Ban yi nisa ba ya ce, "Kashe wayar."

Na kashe.

"Ta fita?"

"Ta fita, Baba."

"Leƙa."

Na leƙa ta taga. Tana tsallaka titi, jakarta a hammata, tana ɗaga wa wata mota hannu ta tsaya.

"Na sani," ya ce.

Ban iya irin wannan wurin ba. A makaranta ma in malami ya kalle ni, biro nake nema a jaka.

"Su uku suka zo, da Injiniya. A nan suka zauna, tana kicin tana dafa musu shayi. Suka ce, Baba, labarinka yana da kyau amma babu ciwo a ciki. Mutum ya yi karatu, ya ci gasa, ya koma gida wurin matarsa. Wa zai bar gidansa ya je kallon wannan? Sai suka ce zaɓi biyu ne. Ko dai matar ta gaji da babu ta kwashe kayanta ta gudu, in ya ci mota ta dawo tana kuka. Ko kuma ta mutu tun farko."

Ya numfasa. Numfashin yana da ƙara kamar ana jan kujera.

"Na ce a kashe ta."

"Baba..."

"Tela ba ta gudu. Akwai shekarar da aka rufe maɗaba'a, ba albashi, ba komai. Da keken can muka ci. 'Yan uwanta har mota suka turo a ɗauke ta, ta ba direban ruwa ta sallame shi. In bari duniya ta ga Tela ta ɗaure kaya ta gudu? Na ce a kashe ta kawai. Tana shigowa da shayin na sa hannu."

"Me ya sa ba za ka gaya mata haka ba?"

"Ke kin taɓa kallon mutum ki ce masa, na kashe ka ne don mutuncinka?" Ya lalubo gefen bargo ya ja. "Gobe zan gaya mata. In bakina ya yi nauyi, ke ki faɗa. Kin yi jami'a, za ki san yadda ake jera shi."

"Ban sani ba, Baba."

"To ashe kuɗin Mamarki ya tafi a banza."

Goggo ta dawo. Ta dube shi, ta dube ni, ta ajiye ledar magani a kan firiji. Ranar ba ta yi tambayar ba. Ina jin ta gaji ne.

Washegari da hantsi ina wanke-wanke ta ƙwanƙwasa mana ƙofa. Kofi biyu ne a hannunta, irin yadda take juya masa shayi daga wannan zuwa wancan don ya huce.

"Zo ki duba min Malam," ta ce. "Ke da kika yi karatu."

Na bi ta da kumfa a hannu. Yana kwance yadda na bar shi jiya, bakinsa a ɗan buɗe, yatsa ɗaya a waje da bargo. Na taɓa wuyansa kamar yadda na ga ana yi. Ban san abin da ake dubawa ba. Fatar da sauran ɗumi. Na sa kunne a ƙirjinsa, abin da nake ji firiji ne.

Mamata ta shigo bayana. Kallo ɗaya ta yi masa ta yi salati, ta rufe masa ido, ta ja bargon.

"Yanzu fa na fita," in ji Goggo. "Ya ce shayin ya yi zafi."

Tana tsaye da kofunan. Mamata ta karɓe su daga hannunta, ta rasa inda za ta ajiye, sai ta miƙo mini. Na riƙe su har Injiniya ya iso.

Ba ta yi kuka ba, ni ma ban yi ba. An ɗauke shi, an dawo babu shi. Aka jingine katifar a bango don a sami wurin zama. Na riƙa kai ruwa, ina kwashe kofuna, ina jera takalman mutane a bakin ƙofa don kada su toshe matakala. Kullum ina cewa in mutane suka ragu zan gaya mata. Mutane ba su ragu ba. Jaridu sun buga labarin rasuwar da hoton jarumin fim ɗin. Injiniya ya ce an ƙara wa fim ɗin mako a sinima, ya faɗa a hankali, bai san ko abin a yi murna ba ne.

Ana cikin zaman gaisuwar ne Injiniya ya shigo da wani baƙo, siriri, da tabarau da jakar goyo. Ya ce shi ne mai sharhin nan da ake ji da shi. Na gane shi. Dogon sharhinsa ne Baba ya sa na kashe.

Ya yi gaisuwa da ladabi, ya zauna a bakin kujera. Goggo ta miƙa masa ruwa da kanta. Ya karɓa da hannu biyu.

"Ban taɓa haɗuwa da shi ba," ya ce wa ɗakin, "amma ji nake kamar na san shi. Sau uku na kalli fim ɗin. Wurin asibitin nan, wallahi duk kallo sai na cire tabarau. Da na ji rasuwar, abin da ya fara zo mini shi ne, to, yau ya tarar da ita."

Wata tsohuwa a gefe ta yi tari. Injiniya ya sunkuyar da kai yana duba wayarsa.

Mai sharhin ya juyo ga Goggo. "Mama, ke ƙanwarsa ce?"

"A'a."

"Au, ashe ya sake aure daga baya. Fim ɗin bai nuna ba."

"Bai sake ba," ta ce. "Ni ce marigayiyar."

Na zaci zai ji kunya. Ya ɗan ji, na ɗan lokaci, fuskarsa ta nuna. Sai kuma idonsa ya yi haske a bayan tabarau.

"Kina nufin... kujerar nan? Kina wurin?"

"Ina wurin, har da ciki."

"Ikon Allah. Mama, wannan ai ya canja komai. Duk abin da muka rubuta sai an sake shi. Wannan ya fi fim ɗin ma." Ya fara zuge jakarsa. "In ba damuwa, 'yar gajeruwar hira kawai. Yadda kika ji da kika ga mutuwarki. Ko shi marigayin ya sani, ko ɓoye masa suka yi. Mutane za su so su ji."

"Inna, ki yi," in ji Injiniya da sauri. "Ba ke kike so a san kina raye ba? Ga dama ta zo."

Goggo ta ɗauki tiren kofuna. "Bari in kai waɗannan."

Na bi ta kicin. Wuri ne da mutum biyu ba sa juyawa a ciki. Ta buɗe famfo ta fara ɗauraye kofunan da ba a sha da su ba.

"Goggo, Baba ya bar mini saƙo."

Ba ta rufe famfon ba.

Na faɗa mata. Ban jera shi da kyau ba. Na fara da direban da ta ba ruwa, na koma kan mutum ukun, na manta shayin, na dawo na saka. Na ce ya sani. Na ce zaɓi biyu suka ba shi, ta gudu ko ta mutu. Na ce ya ce Tela ba ta gudu. Na ce ya yi niyyar gaya mata da bakinsa, washegari.

Ta rufe famfon. Daga ɗaki ana jin mai sharhin yana tambaya ko za a iya matsar da keken, hasken taga ya fi kyau.

"Biyu," ta ce.

"Haka ya ce."

"A gasar nan uku ake ba su. Kowace tambaya, amsa uku, ka zaɓi ɗaya. Ni na koya masa kada ya buɗe baki sai ya ji ta ukun." Ta kife kofi a kan tire. "Bai ce musu ina ta uku ba?"

"Bai faɗa mini ba, Goggo."

"Ta zauna. Ta yi ɗinki. Ta tsufa." Ta kife wani. "Shi ke nan fa."

Na tsaya ina jira ko za ta yi kuka, ko ta zage shi, ko ta ce Allah ya jiƙansa. Ta goge hannunta yatsa bayan yatsa da tsumman da ke rataye a ƙusa, ta ninke shi ta mayar.

"Ya ce, Tela ba ta gudu?"

"Da bakinsa."

"Uhm."

Injiniya ya leƙo. "Inna, an shirya. Ki ɗan gyara ɗankwalin."

Ta gyara. Ta fito daga kicin, na biyo ta. An ja keken zuwa tsakiyar ɗaki, an kafa waya a kan ƙarfe mai ƙafa uku tana kallon taga. Mai sharhin ya miƙe tsaye yana murmushi, yana warware wata ƙaramar makirfo da za a maƙala mata a wuyan riga. 'Yan gaisuwa sun matsa jikin bango sun ba da wuri.

Goggo ta bi ta gabansu. Ta ɗauki jakarta daga kan firiji ta sa a hammata. A bakin ƙofa ta tsaya tana duba takalman da na jera, har ta ga nata a can ƙarshe, ta dafa bango ta saka ɗaya, ta saka ɗayan.

"Inna?" in ji Injiniya.

Na je taga. Ta ɗan jima kafin ta fito daga ƙasan benen. Mai kanti ya ɗaga mata hannu, ya buɗe baki, sai ya fasa. Ta tsaya a bakin titi har motoci suka wuce, sannan ta tsallaka, a hankali, ta bi gefen da inuwa take.